Wa Ke Auna Ma'auni?

A watan Maris na shekarar 2001, gwamnatin Taliban ta sa nakiyoyi ta tarwatsa manyan gumakan Buddha guda biyu da aka sassaƙa a jikin dutse a kwarin Bamiyan na ƙasar Afganistan. Babban cikinsu ya haura mita 50 a tsayi, kuma ya shafe fiye da shekara 1,300 a tsaye a wurin. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage shi ne wani makeken gurbi a jikin dutsen, da tarin ɓaraguzai a ƙasa, sai kuma hotuna. Hotuna kam akwai su birjik, domin matafiya sun daɗe suna ratsa kwarin da kyamarori a wuya.

Ba a jima ba wasu masana a jami'ar kimiyya da fasaha ta ETH da ke birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wato Armin Grün da abokan aikinsa Fabio Remondino da Li Zhang, suka ɗauki wata tambaya: shin za a iya fitar da ainihin siffar babban gunkin daga hotuna, da tsayinsa da faɗinsa da zurfin kowane lungu nasa, har a iya cewa ga awonsa? Sun gwada hotunan da suka tsinto a intanet. Sun gwada na wani ɗan yawon buɗe ido. Sannan suka samu wasu guda uku kacal da Robert Kostka, malami a jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya, ya ɗauka a shekarar 1970 a kan farantan gilashi masu santimita 13 da 18. Daga waɗannan ukun ne aka fitar da siffa mafi inganci, wadda ta kama har ninkin mayafin da ke jikin gunkin.

Fifikon hotunan Kostka ya samo asali ne daga kyamarar da ta ɗauke su. An ƙera ta ne domin awo, kuma an san cikinta sarai, an rubuta an ajiye. Hotunan intanet kuwa marayu ne: ba a san kyamarar da ta haife su ba, ba a san ko an yanke gefensu ko an matse su ba, don haka dole sai an yi ta kirdadon abin da ya kamata a ce an sani tun farko.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kyamara ma ido ce. Tana iya nuna cewa wannan tsauni ya fi wancan girma, amma kafin a karɓi shaidarta a kan mita da santimita, sai ita kanta an auna ta. Wannan aiki, na auna kyamara kafin a yi awo da ita, shi ne ginshiƙin ilimin da ake kira fotogirametiri, wato awo da hoto, kuma shi ne ɓangaren da aka fi saurin tsallakewa a yau da kyamara ta shiga aljihun kowa.

Yadda hoto ke zama awo

Duk wanda ya miƙa yatsa a gabansa, ya rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya, sannan ya sauya, zai ga yatsan kamar yana tsalle daga wuri zuwa wuri. In yatsan na kusa da fuska, tsallen ya yi yawa. In an nisanta shi, ya ragu. Da wannan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane nisa. Awo da hoto ma haka yake. Ana ɗaukar abu ɗaya daga wurare biyu ko fiye, a nemo ɗigo guda, a ce kusurwar taga, a cikin kowane hoto. Daga kowane hoto sai a ja layi a lissafi, ya fito daga ɗigon da ke kan hoton, ya ratsa ta idon kyamara, ya fita waje. Inda layukan suka haɗu, nan ne kusurwar tagar take a zahiri.

Lissafin gaba ɗayansa ya jingina ne ga zato guda: cewa haske ya taho miƙe sak, ya bi ta ɗigo ɗaya tak, ya sauka a kan shimfiɗaɗɗen faranti ba tare da ya kauce ba. Wannan ita ce kyamarar da Ibn al-Haisam, masanin nan haifaffen Basra da ya rayu a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitab al-Manazir shekara dubu da suka wuce: ɗaki mai duhu, ƙaramar kafa a bango, da hasken fitilu da ke ratsa kafar ya sauka a bangon da ke fuskantarta, kowanne a nasa wurin. A irin wannan ɗaki, layi miƙaƙƙe a waje miƙaƙƙe ne a ciki.

Matsalar ita ce ƙaramar kafa ba ta shigar da haske mai yawa, shi ya sa aka maye gurbinta da gilasai masu tara haske. Gilashi kuwa lanƙwasa haske ne aikinsa, kuma ba ya lanƙwasa shi daidai wa daida a ko'ina. Duk kyamarar da ke duniya, ta naira dubu hamsin da ta miliyan hamsin, ta kauce wa ɗakin Ibn al-Haisam. Bambancinsu a yawan kaucewar ne, da kuma ko an san ta.

Abubuwa uku da ake nema

Na farko shi ne zurfin kyamara, wato tazarar da ke tsakanin ɗigon da haske ke ratsawa da farantin da ke karɓarsa. Kamfani kan rubuta wannan lamba a jikin gilashi, kamar milimita 24 ko 50, amma lambar suna ce kawai, kamar yadda ake cewa buhu alhali ba kowane buhu ne ya cika daidai da ɗan'uwansa ba. Ainihin tazarar kan ɗan bambanta daga kyamara zuwa kyamara ko da a rana ɗaya aka ƙera su, kuma tana sauyawa duk lokacin da aka murza gilashin don hoto ya fito tar.

Na biyu shi ne cibiya, wato ɗigon da ke kan faranti daidai saitin tsakiyar gilashi. Da a ce hannun masu haɗa kyamara ba ya kuskure, da cibiyar ta faɗa tsakiyar hoto cif. A zahiri takan goce kaɗan zuwa wani gefe.

Na uku shi ne lanƙwasar gilashi. Wanda ya taɓa ɗaukar dogon bango da kyamara mai faɗin gani ya ga yadda layin bangon ke yin ciki kamar jikin ganga, musamman can gefen hoto. A tsakiya lanƙwasar ba ta da yawa, amma tana ƙaruwa sosai idan aka doshi kusurwoyi. Akwai kuma wata ƙaramar karkata da ke zuwa idan gilasan da aka jera a cikin idon kyamara ba su zauna a kan layi ɗaya ba.

Misali zai nuna nauyin waɗannan ƙananan abubuwa. Ƙaramin jirgi maras matuƙi samfurin Phantom 4 Pro, wanda masu safiyo suka yi amfani da shi sosai a ƙasashe da dama, yana da faranti mai faɗin milimita 13.2 da aka raba zuwa fiksel 5,472, kuma zurfin kyamararsa milimita 8.8 ne. Idan ya tashi mita 100 sama, kowane fiksel na wakiltar kimanin santimita 2.7 a ƙasa. Ke nan in lanƙwasar gilashi ta ture hoton turken iyaka da fiksel goma kawai, turken ya matsa santimita 27. Kuma in aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari wajen zurfin kyamarar, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, kwatankwacin kaurin silin gashi, tudun ƙasar da aka lissafa daga sama zai iya kaucewa da mita guda cur.

Hanyoyi biyu

Hanyar farko da masana suka bi ita ce su ƙera kyamarar da ba ta da aibi gwargwadon iko. Albrecht Meydenbauer, wani injiniyan gine-gine Bajamushe, ya kusa faɗowa daga sama a shekarar 1858 yana auna majami'ar garin Wetzlar da hannu. Wannan tsallake rijiya da baya ne ya sa shi tunanin ko za a iya auna gini daga hotonsa mutum na tsaye a ƙasa. Ya ƙera nasa kyamarorin masu ƙarfin jiki, da alamomi a gefen faranti da ke nuna cibiya, kuma a 1885 aka kafa masa cibiyar awo da hoto a Balin. Kafin 1920 cibiyar ta tara hotuna kusan 20,000 na gine-ginen tarihi a kan manyan farantan gilashi, waɗanda aka koma wa wasunsu bayan yaƙin duniya na biyu wajen sake gina abin da bama-bamai suka rusa. Kyamarar Kostka daga wannan dangi ta fito. Haka ma kyamarar Hasselblad da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka riƙe a kan wata a 1969: 'yan ƙananan alamomin gicciye da ake gani a hotunansu, jeri biyar sau biyar, an zana su ne a kan wani gilashi da ke manne da fim, domin in fim ɗin ya miƙe ko ya tsuke wajen wanki a gane nawa ya yi.

Irin waɗannan kyamarori suna da nauyi da tsada, sai gwamnatoci da manyan kamfanoni. Hanya ta biyu ta fito ne daga aikin Duane Brown, wani Ba'amurke da ya fara da auna kyamarorin da ke bin sawun rokoki a jihar Fulorida, inda ya yi amfani da taurari a matsayin ma'auni tunda an san matsayinsu a sama. Ya ɗora a kan lissafin da Alexander Conrady ya wallafa a 1919, ya tsara 'yan lambobi ƙalilan da ke bayyana lanƙwasar kowane gilashi. A wata maƙala ta 1971 ya nuna wata dabara mai sauƙi da kowane magini zai gane. Ya rataye fararen zaruruwa, kowanne da ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙasansa, irin wanda magina ke saki don duba ko bango ya miƙe, ya tsoma ƙarafan cikin mai don kada su yi ta lilo, sannan ya ɗauki hotonsu. Zaren da nauyi ya ja ba ya lanƙwasa. Don haka duk wata lanƙwasa da aka gani a hoton laifin gilashi ne, kuma ana iya auna ta fiksel bayan fiksel, ko a zamaninsa, a kan fim. Lambobin Brown da Conrady su ne har yau ke cikin kusan kowace manhajar awo da hoto.

Abin lura a nan shi ne awon kyamara ba ya gyara komai a jikinta. Gilashin yana nan da lanƙwasarsa. Abin da ya ƙaru shi ne an rubuta aibin, ana cire shi a lissafi. A kasuwar hatsi, mudun da kowa ya san ya gaza da cikin tafi ɗaya, kuma kullum da tafi ɗayan yake gazawa, ana iya ciniki da shi lafiya, domin mai saye zai ce a ƙara masa tafin. Mudun da ke cutarwa shi ne wanda gindinsa ke lotsawa yau ya koma gobe. Masu awo ba sa neman kyamara marar aibi. Suna neman wadda aibinta ke zaune wuri ɗaya.

Abin da zamanin dijital ya kawo

Kyamarar dijital ta kawar da tsohuwar damuwar fim. Farantinta ba ya miƙewa, ba ya tsukewa, kuma fiksel ɗinsa a jere suke kamar layukan takardar lissafi. Sai dai kusan duk wata ƙawa da kamfanoni suka ƙara mata don jin daɗin mai ɗaukar hoto, abokiyar gabar mai awo ce. Gilashin da ke jawo abu kusa yana sauya zurfin kyamara. Na'urar da ke saita hoto da kanta tana sauya shi a kowane ɗauka. Na'urar hana rawar hannu tana motsa gilashi ko faranti, wato tana yawo da cibiya. Wasu farantan kuma ba sa ɗaukar hoto a lokaci guda. Layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa, ta yadda in jirgi na gudu, saman hoton da ƙasansa ba daga wuri ɗaya aka ɗauke su ba. Wayar salula ta fi kowa: takan haɗa hotuna da yawa ta mayar da su ɗaya, ta miƙar da lanƙwasa da nata lissafin da ba ta bayyana wa kowa. Zafin rana da jijjigar mota a kan hanya mai gargada su ma kan ɗan gusar da gilashi. Shi ya sa gogaggun masu awo ke zaɓar gilashi mai zurfi ɗaya, su kashe duk abin da ke aiki da kansa, wasu har su naɗe gilashin da salatif don kada ya motsa.

A ɗaya ɓangaren, awon ya yi araha. Zhengyou Zhang, wani mai bincike a kamfanin Microsoft, ya wallafa a shekarar 2000 wata hanya da ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Ana buga zanen gidaje murabba'i a takarda, a manna a kan shimfiɗaɗɗen allo, a ɗauke shi daga fuskoki daban-daban, kwamfuta ta nemo kusurwoyin gidajen ta fitar da lambobin kyamara. A yau an fi amfani da zane mai baƙi na bin fari kamar allon darar Turawa, kuma manhajar OpenCV da ake samu kyauta tana yin lissafin cikin daƙiƙoƙi. Amma saukin yana da tarko. In allon ya ɗan bankare, to lanƙwasar allo za a rubuta a matsayin ta gilashi. In an riƙa ajiye shi a tsakiyar hoto, kusurwoyin da suka fi kowane wuri lanƙwasa ba a auna su ba. In ba a karkata allon ba, kwamfuta ba za ta iya rarrabe zurfin kyamara da nisan allo ba. Duk da haka za ta fitar da lambobi, ta kuma ce kuskurenta bai kai rabin fiksel ba, domin abin da take aunawa shi ne yadda lissafinta ya dace da hotunan da aka ba ta, ko da hotunan ba su isa shaida ba.

Ƙasar da ta zama ƙwarya

Manhajojin da ke haɗa taswira daga hotunan jirage marasa matuƙa sun ƙara rage wahala. Ba sa ma neman allo. Daga ɗaruruwan hotunan aikin kansa suke lissafa siffar ƙasa da matsayin jirgi da aibin kyamara, duka a tashi ɗaya. Dabarar tana aiki, kuma in an tsara ɗaukar da kyau ta fi awon allo, tunda a yanayin aikin aka auna kyamarar. Amma a 2014 Mike James na jami'ar Lancaster da Stuart Robson na University College London suka bayyana wani lahani da masu amfani da ita suka yi ta cin karo da shi. Idan jirgi ya bi layuka yana kallon ƙasa tsaye a duk hotunansa, kamar yadda aka saba, manhaja ba ta da hanyar gane ko gilashi ne ya lanƙwasa ko ƙasa ce. Sai ta raba laifin tsakaninsu, ta fitar da fili shimfiɗaɗɗe ya yi tozo a tsakiya kamar ƙwarya a kife, ko ya lotsa kamar akushi. Taswirar za ta fito da kyau, kowane dutse da kowace bishiya a bayyane, babu abin da zai sa mai kallo ya yi shakka.

Maganin da suka nuna ba shi da tsada: a haɗa da hotunan da aka ɗauka kyamara a karkace, domin kallon gefe na tona abin da kallon tsaye ya ɓoye. Ana kuma kafa alamomi a ƙasa da aka auna matsayinsu da kayan safiyo, a warwatsa su har tsakiyar filin, kada a tsaya gefe kawai. Mafi muhimmanci, a ware wasu daga cikin alamomin a ɓoye wa manhaja, sai ta gama aikinta a tambaye ta inda suke. Waɗannan su ne shaidun da ba ta da hannu a kansu, kuma su kaɗai ke iya faɗin gaskiyar taswira.

Ilimin ba baƙo ba ne a Yammacin Afirka. Tun 1972 akwai cibiyar horar da masu awo daga sama a Ile-Ife, wadda aka sani da RECTAS kafin ta koma AFRIGIST, kuma Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru na cikin ƙasashen da suka haɗu a kanta. Abin da ya sauya shi ne kayan aikin sun fita daga hannun waɗanda aka horar sun shiga kasuwa. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin yawancin ƙasar Hausa, inda gangaren da ke kai ruwan sama rafi bai taka kara ya karya ba, tozon ƙarya na rabin mita ya isa ya juya alƙiblar magudanar ruwa a kan takarda. Injiniya zai ga ruwa na gudu daga tsakiyar unguwa zuwa gefe, alhali a damina tsakiyar ce ke zama tafki. Haka ɗan kwangilar da ake biya gwargwadon yawan ƙasar da ya haƙa, da manoman da ke jayayya a kan iyakar gona: kowannensu zai karɓi taswirar da hannu biyu, domin gani ya kori ji, kuma babu ɗayansu da zai yi tunanin tambayar ko an auna kyamarar, yaushe, kuma shaidu nawa aka ɓoye.

Tsakanin ranar da Kostka ya kafa kyamararsa a gaban dutsen Bamiyan da ranar da aka tarwatsa gunkin akwai shekara 31. Bai san abin da zai faru ba. Ya yi aikinsa ne yadda aka koya masa, ya ajiye farantansa tare da lambobin kyamarar da ta ɗauke su. A yau ana ɗaukar ganuwa da tsofaffin masallatai da fadoji na ƙasa da wayoyi kullum, kuma damina ba ta daina cin su ba. Wanda ke son hotunansa su amfani mai gyara nan da shekara talatin, abin da ake buƙata gare shi kaɗan ne: ya ɗauka daga fuskoki da yawa da gilashi ɗaya da bai taɓa saitinsa ba, ya sa sandar awo a cikin hoton, ya ajiye ainihin hotunan yadda suka fito daga kyamara ba waɗanda WhatsApp ya matse ba, ya kuma ɗauki allon nan mai baƙi da fari a wannan rana ya ajiye hotunansa a wuri ɗaya da sauran.